Keke mai taya ɗaya: girman taya da tsawon ƙafar ɗiyata

Mu iyaye muna da wata dabara da muka gada: in za a saya wa yaro riga ko takalmi, sai a ɗauko wanda ya fi shi, a ce ai zai girma a ciki. Dabara ce mai kyau, ta rufa wa iyayenmu asiri, ni ma da ita aka raine ni a Maraɗi. Amma akwai kayan da ba ta aiki a kansu. Ɗaya daga ciki shi ne keke mai taya ɗaya na hawan duwatsu, wanda na yi wata biyu ina lissafinsa kafin in fitar da kuɗi.

Ina zaune da iyalina a Grenoble, kudu maso gabashin Faransa, ina koyar da lissafi a wani kwalej. Garin yana cikin kwari ne, duwatsun Chartreuse da Vercors da Belledonne sun kewaye shi. A nan aka yi gasar duniya ta masu keke mai taya ɗaya, wadda ake kira Unicon, a shekarar 2022. Ɗiyata ta koyi hawa a wata ƙungiyar yara ta unguwarmu, a kan ɗan ƙaramin keke mai taya inci 20, a cikin zauren wasanni mai shimfiɗaɗɗen daɓe. Da ta kai shekara 12 sai ta ce zaure ya ishe ta, tana so ta bi manyan ƙungiyar zuwa hanyoyin daji. Ta ma riga ta zaɓi abin da take so: taya inci 29, irin ta wata budurwa da take sha'awar hawanta. Uwargida ta goya mata baya, da hujjar da kowa ya sani, wato a sayi babba sau ɗaya a huta. Kuɗin da muka ware yuro 500 ne, kusan jika 330 a kuɗinmu na sefa, don haka maganarta tana da nauyi.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa na ƙi, sai an san yadda wannan keke yake. Ba shi da kaca, ba shi da giya, ba shi da kai da za a riƙe. Feda a haɗe take da cibiyar taya. In ƙafa ta juya sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. In taya ta juya, dole ƙafa ta bi ta, babu sakin feda a huta a gangare kamar yadda muke yi da keken gida. Saboda haka girman taya shi ne giyar, kuma giya ɗaya ke nan har ranar da aka sayar da keken. Akwai wata cibiya mai giya biyu da kamfanin Schlumpf na Suwizalan ke ƙerawa, amma ita kaɗai ta fi kuɗin da muka ware nesa ba kusa ba.

Na ɗauki alli na yi abin da nake sa ɗalibaina su yi. A ninka faɗin taya da 3,14, a samu tafiyar da take yi a juyi ɗaya. Inci 20 tana cin kimanin mita 1,6. Inci 24, mita 1,9. Inci 27,5, mita 2,2. Inci 29, mita 2,3. Babbar cikinsu, inci 36, tana kusan mita 2,9, amma ita ta doguwar tafiya ce a kan hanya mai kyau. In mutum yana juya feda sau 100 a minti, mai inci 24 zai yi kilomita 11 da ɗoriya a awa, mai inci 29 kuwa kusan 14. Babbar taya kuma ta fi iya haye dutse da saiwar itace, kamar yadda amalanke ke wuce ramin da zai tsayar da baro. Har nan, ɗiyata da mahaifiyarta ne ke da gaskiya.

Sai dai abin da babbar taya ta ba ka da hannun dama, tana karɓar wani da hagu. Ƙarfen da ke riƙe da feda, wanda zan kira hannun feda, shi ne abin da ƙafa ke juya taya da shi, shi ne kuma abin da take tsayar da ita da shi. Tsawonsa a keken daji yakan kama daga milimita 125 zuwa 165. Ɗauki mai 150. Daga cibiya zuwa ƙasa, taya inci 24 tana da kimanin milimita 305, hannun feda ya kai rabinta ke nan. A inci 29 tazarar ta kai 370, hannun fedar bai wuce biyu bisa biyar ba. Ma'ana, a gangare ɗaya, ƙafa ɗaya, mai babbar taya yana bukatar ƙarin ƙarfi kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin ya riƙe ta. Ga babban mutum wannan ba komai ba ne. Ga yarinyar da ba ta kai kilo 40 ba, shi ne bambancin sauka a tsanake da taya ta kwashe ta ta gudu da ita.

Abu na biyu shi ne tsawon ƙafa, kuma a nan ne dabarar riga ta rushe. Riga in ta yi yawa ana naɗe hannu. Sirdi kuwa ba ya sauka ƙasa da saman taya. Na tsayar da ita jikin bango da takalmanta, na auna daga tsakanin cinyoyi zuwa ƙasa, na samu santimita 72. A kan inci 29, daga feda in tana ƙasa zuwa saman taya santimita 52 ne, a ƙara kusan 25 na ƙarfen jiki da kaurin sirdi. Ko an sauke sirdin har ƙarshe, da ƙyar yatsunta za su taɓa feda. Alhali a daji ana so sirdi ya ɗan yi ƙasa da yadda ake sa shi a kan kwalta, don mahayi ya iya miƙewa, gwiwoyinsa su shanye girgiza. Wanda ke miƙa yatsu yana neman feda ba shi da sauran gwiwar da zai lanƙwasa. Ga shi kuma babbar taya ta fi wuyar hawa ba tare da dafa bango ba, kuma a kan dutse sai mutum ya sauka ya sake hawa sau ashirin a fita ɗaya. Yaron da kowane hawa ke gagararsa, kafin wata uku zai jingine keken a bayan ƙofa.

Na kuma duba yadda waɗanda suka fara abin suka yi. George Peck, wani alƙali a garin Seward na jihar Alaska, yana cikin na farko da suka fita da wannan keke daga dandalin wasa zuwa duwatsu, kuma bidiyon da ya yi a farkon shekarun 1990 ya jawo mutane da yawa. Bayansa Kris Holm, ɗan Kanada masanin ƙasa da duwatsu, ya sa duniya ta san wasan, har yau ana sayar da kekuna da sunansa. Shekaru da dama taya inci 24 mai kaurin roba ita ce abin hawan gwanayen gangare. Daga baya ne aka karkata zuwa 26, yanzu kuma 27,5 ta fi yawa a hannun manya, 29 kuwa ta masu son nisa ce a hanyar da ba ta cika tsanani ba. Wannan ya taimake ni wajen lallashi, don a idon ɗiyata ƙaramar taya ta yara ce. Na nuna mata bidiyon gangaren da aka sauka da inci 24, wanda ni ko da ƙafa ba zan bi ba.

"Baba, to ai za su riƙa barina a baya," in ji ta.

Na ce mata haka ne, za su bar ta a inda hanya ta miƙe, ba zan ɓoye mata ba. Amma a gangare ita ce za ta sauka a kan kekenta, ba tana tura shi ba.

Da muka tsaya a kan inci 24, sai sauran kayan. Na nemi hannun feda mai huji biyu, ɗaya a milimita 127, ɗaya a 150. Ranar da za a bi hanya mai sauƙi sai a mayar da feda hujin ciki, ƙafa ta yi ƙaramin zagaye, tafiya ta yi sauri da santsi. Ranar tudu da gangare a mayar da ita hujin waje. Aikin minti biyar ne, kuma shi ne abin da ya fi kusa da canza giya a wannan keke. Na tabbatar cewa sandar cibiya mai haƙora ce, irin wadda ake kira ISIS, domin tsohuwar mai kusurwa huɗu takan lanƙwashe ko ta saki in ana yawan dira daga kan dutse. A nan ne araha ba ta ado: kekunan koyo masu sauƙin kuɗi suna kama da na daji a hoto, amma cibiyarsu ba ta ɗaukar dira.

Robar taya kuwa na zaɓi mai faɗin inci 3. Keken nan ba shi da wani abin shanye girgiza sai iskar da ke cikin taya, shi ya sa ba a cika ta tam. Keken tsere na kwalta yakan sha bar 6 ko fiye, ita kuwa wannan bar 1 da ɗan ɗori ya ishi mai nauyin ɗiyata. In iska ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle a kan tsakuwa kamar ƙwallo. In ta yi kaɗan, ƙarfe ya daki dutse ya tsaga robar ciki. Sai an yi ta gwaji, a rage kaɗan, a ƙara kaɗan, har a dace.

Maganar birki ta raba kan mutanen ƙungiyar. Wasu sun ce mai ƙaramar taya ƙafarsa ta ishe shi. Ni na sa, birkin faifai irin na babur, da ɗan maɗaurinsa a ƙarƙashin mariƙin da ke gaban sirdi, inda yatsa ɗaya ke kai wa. Dalilina gwiwa ce. Gangaren wannan yanki yana da tsawo, wanda ba shi da birki da cinya da gwiwa zai yi ta danne feda har ƙasa, ita kuwa ƙashinta bai gama ƙwari ba. Birkin ba na tsayawa cak ba ne, wanda ya matse shi da ƙarfi ƙasa zai sha. Aikinsa rage wa ƙafa nauyi, kuma koyonsa ya ɗauke ta makonni.

Abin da ya rage na kuɗin ya tafi wajen kare jiki, tunda keken na hannu muka samu, wanda wani yaro ya girme masa. Hular kwano, safar hannu mai tallafe wuyan hannu, da makarin ƙwauri, domin fedar daji tana da ƴan ƙusoshi da ke riƙe takalmi, kuma in ƙafa ta zame ba sa tausayin fata. Wani abin da ya kwantar wa uwargida hankali shi ne, wannan keke ba ya gudun da ya wuce saurin ƙafar mai shi, kuma yawancin faɗuwa a tsaye ake dira, keken ne ke tuntsurawa. Wannan ma ya fi tabbata in taya ƙarama ce, don mahayi ya fi kusa da ƙasa.

Wani abokina malami a Damagaram ya tambaye ni ko abin zai yiwu a wajenmu. Duwatsun Birni da tuddan Adar ba su rasa wurin hawa ba, amma ƙasarmu tana da nata sharaɗi. Yashi yana son roba mai faɗi da iska kaɗan, ƙaya kuwa tana son mai faci a kusa. Na ce masa in zai nema, ya fifita inci 26, domin ita ce aka fi samun robarta a wajen masu gyaran keke. Na kuma ce ko bai taɓa ganin irin keken ba, darasin yana hannunsa: ya sa alli a jikin tayar keken gida, yara su gara ta juyi ɗaya a filin lakwal, su auna, su raba da faɗinta. Da kansu za su ci karo da 3,14. A Japan makarantun firamare da yawa suna ajiye kekuna masu taya ɗaya don yara su hau lokacin hutu, mu kuwa ko da mai taya biyu aikin lissafin zai yi.

Yau wata takwas ke nan tana hawa. Abin da na faɗa mata ya tabbata ta fuska biyu. A shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke bakin kogin Isère masu 27,5 suna yi mata nisa, takan dawo tana gunaguni, ƙafafunta sun gaji da juyi. A gangare kuwa ta fara sauka wuraren da wasu da suka girme ta ke turawa, ta kuma iya hawa ba dafa komai ko a kan tudu. Uwargida har yanzu tana tuna mini cewa nan da shekara biyu sai mun sake sayen wani, kuma gaskiyarta ce. Amsata ita ce keken da aka hau ana sayar da shi ga na baya a ƙungiya, asarar kaɗan ce, kuma daidai ruwa daidai tsaki.

Mun yi yarjejeniya da ɗiyata. Duk farkon zangon karatu za ta tsaya jikin bango in auna, mu rubuta da fensir a gefen ƙofa. Awon da ya wuce ya nuna santimita 74. Ranar da ta kai 80, za mu zauna mu yi maganar 27,5, ita ce kuma za ta yi lissafin a gabana.