Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tafiya Daga Inugu Zuwa Fatakwal

Idan kuka buɗe taswirar Najeriya, ku nemi layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya miƙe arewa zuwa Inugu. Tsawonsa bai kai kilomita 250 ba. Ba don fasinja aka shimfiɗa shi ba, Turawan mulkin mallaka sun yi shi ne don jigilar kwal daga tuddan Udi zuwa bakin ruwa. Garuruwan nan biyu ma, kwal ne ya haife su. Wannan hanya muka bi da mota a lokacin hunturu, don mu ga abin da makamashin da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa yake bar wa wuri da mutanensa.

Bari mu fara raba kwal da gawayin da kuka sani. Gawayin da ake zubawa a kurfoti ko a dutsen guga itace ne aka ƙona. Shi kuwa kwal baƙin dutse ne. Asalinsa tsire-tsire ne da suka mutu a fadamu, laka da yashi suka binne su, zafi da nauyin ƙasa suka matse su tsawon miliyoyin shekaru. Ɗanyen mai da iskar gas ma haka suka samu, sai dai su yawanci daga ƙananan halittun teku ne. Duk ukun suna ba da ƙarfi mai yawa idan aka ƙona su, kuma duk ukun suna barin abin da ba a so.

Mun shiga Inugu ta tudun Milliken, inda titi ke lanƙwasa kamar maciji, dutse a gefe ɗaya, kwari mai zurfi a ɗaya gefen. Da harshen Ibo sunan garin na nufin saman tudu, ko da yake yawancin birnin a gindin tuddan yake kwance. Ƙasar ja ce, tuddan kuwa kore shar ko a cikin hunturu. Ko'ina ka duba za ka ga kirarin garin a jikin motoci da shaguna, wato Birnin Kwal. Har yanzu akwai tsohuwar unguwar leburorin haƙa mai suna Coal Camp, wadda yau ta cika da makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota.

A 1909 wani masanin duwatsu mai suna Albert Kitson ya gano kwal a yankin Udi. Ba a daɗe ba aka fara haƙa, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Da wannan kwal ɗin jiragen ƙasa na wancan zamani suke tafiya, har da waɗanda suka riƙa kwashe gyaɗar Kano zuwa Legas. Da shi kuma tashar wutar lantarki ta Oji River take aiki. Mutane suka yi ta kwarara garin daga ko'ina, har wani Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Waɗanda suka fara biyan kuɗin wannan arziki su ne masu shiga rami. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan mahaƙar Iva Valley da ke neman haƙƙinsu, suka kashe mutum 21. Wannan kisa ya shiga littattafan tarihi. Akwai kuma wani kisan da ba ya ƙara, wato na ƙurar kwal. Mai haƙa yana shaƙarta kullum, tana taruwa a huhunsa, huhun ya yi baƙi ya taurare, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Wani dattijo da ya yi mana jagora ya ce mahaifinsa ya yi aikin rami, kuma shekaru bayan ya bar aikin, idan ya yi tari kakinsa baƙi yake fitowa. Wannan ciwo ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi.

Kasuwar kwal ta fara faɗuwa bayan an sami ɗanyen mai a Oloibiri a 1956. Jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka da dama. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da su, amma abin bai koma kamar dā ba, daga baya aka rufe manyan ramukan.

Dattijon ya kai mu kusa da bakin tsohuwar mahaƙar Onyeama. Daji ya cinye wurin, ƙarafa sun yi tsatsa, babu motsin kowa sai kukan tsuntsaye. Abu ɗaya ne bai daina aiki ba, shi ne ruwan da ke tsiyayowa daga cikin ramin. Duwatsun da yake bi ta kansu duk sun rine, sun yi ja-ja kamar an zuba musu ruwan goro. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar ta zauna daram. A jikin duwatsun da ke tare da kwal akwai wani ma'adini da ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da zarar an tona ƙasa iska da ruwa sun same shi, sai ya haifar da asid. Asid ɗin yana narkar da ƙarafan da ke cikin dutse ya kwaso su, shi ne wannan jan launi da muka gani. Ruwan yana gangarawa zuwa kogin Ekulu, wanda ya ratsa birnin, inda muka ga mata na wanki, yara na wasa. Kifi da sauran halittun ruwa ba sa jin daɗin ruwa mai tsami, kuma shansa ba tare da tacewa ba yana da haɗari. Ga shi dama ruwan sha na wahala a Inugu, gidaje da yawa da ruwan tanka suka dogara. An daina haƙa a wannan rami tun kafin a haifi yawancinku, amma kogin bai gama biyan bashin ba.

Kashegari muka nausa kudu. Mun tsaya a kasuwar shanu ta Lokpanta, inda Hausa ke tashi kamar kana Wudil, muka sha shayi muka ci gaba. Muka wuce Okigwe da Umuahiya da Aba, tuddai suka ƙare, bishiyoyin kwakwar manja suka mamaye gefen titi, iska ta yi nauyi da laima. Da magariba muka shiga Fatakwal. Daga nesa muka hango wata wuta tana ci a saman dogon bututu, ta haske sararin da ke kewaye da ita.

An kafa Fatakwal a 1912 don ta zama tashar jiragen ruwan da za su ɗauki kwal ɗin Inugu, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila a lokacin. Saboda yawan bishiyoyi da filayenta, ana yi mata kirari da Birnin Lambu. Da mai ya zo, sai ta zama cibiyarsa. Matatar mai ta farko a Najeriya a kusa da ita aka gina, a Eleme, a 1965.

Daga ƙarshen 2016 mazauna birnin suka fara wayar gari da wani baƙin abu yana sauka a kansu. Kun san kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa inda ake girki da itace? To ita ce, amma a kan gari guda. Mun ga alamarta da safe: muka shafa yatsa a gilashin mota, ya fito baƙi. Hazon hunturun da muka saba da shi fari ne, wannan kuwa toka-toka ne mai duhu. Wani Alhaji mai sayar da yadi ya nuna mana yadda yake lulluɓe farar shadda da leda ko a cikin shago. Ya ce mana: "'Ya'yana, wannan ai da sauƙi kuka gani. Akwai shekarun da idan yaro ya fyace majina, baƙa ce. Ko tafin ƙafarka ka duba a tsakar ɗaki, sai ka ce a toka ka yi tafiya."

Daga ina take fitowa? Babban tushenta shi ne haramtattun matatun da ke ɓoye cikin dazukan bakin ruwa, inda ake dafa ɗanyen man sata a manyan tukwanen ƙarfe, ana hura wutar da shi kansa man. Idan jami'an tsaro suka kama irin wannan wuri, sau da yawa cinna masa wuta suke yi, hayaƙin ya ƙaru. Ga ƙona tayoyi a mayanka don babbaka, ga masana'antu, ga kuma irin wutar da muka hango a kan bututu. Iskar gas ce da ke fitowa tare da ɗanyen mai ake ƙonawa a banza. Tun 1979 aka yi dokar hana wannan, aka sa 1984 a matsayin wa'adi, amma har yau Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙona gas a duniya.

Baƙin da ake gani a tufafi ba shi ne mafi haɗari ba. A cikin hayaƙin akwai ƙwayoyin ƙura ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su. Suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu ma su shiga jini. Su ne ke tayar da asma da tari mai naci, suna kuma da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Yara sun fi shiga haɗari, domin huhunsu bai gama girma ba, kuma sun fi manya saurin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe kimanin mutum miliyan 7 a kowace shekara. Farar wutar da ke cikin kwal da mai kuma, idan ta ƙone ta hau sama, tana dawowa cikin ruwan sama mai tsami, wanda ke cinye kwanon rufi ya ɓata ƙasar noma. Sai iskar kabon-dayoksaid, wadda ba a gani ba a jin warinta. Ita tana taruwa a sararin sama tana riƙe zafi, shi ne ɗumamar yanayin da kuke karantawa a aji. Ba ta san iyakar jiha ko ƙasa ba, don haka abin da aka ƙona a wata nahiya yana iya ƙara wa manomin Gumel zafin bazara.

Abin ba ya rasa magani. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, dubban mutane suka mutu. A 1956 aka yi dokar tsabtace iska, sannu a hankali sararin birnin ya washe, kuma a 2024 Birtaniya ta rufe tashar lantarkinta ta ƙarshe mai amfani da kwal. A Fatakwal ma mutane ba su naɗe hannu ba. A 2018 sun fito tituna suna neman a tsayar da kunkunniyar, a farkon 2022 kuma gwamnatin jihar Ribas ta ƙaddamar da farautar haramtattun matatu. Waɗanda muka zanta da su sun ce a lokacin sun ga bambanci a sararin sama. Sun kuma ce muddin matasa ba su da aikin yi, tukwanen za su riƙa komawa daji.

Kada ku ɗauka labarin na kudu ne kawai. Ana haƙar kwal a Maiganga da ke jihar Gombe don aikin siminti, ana kuma haƙarsa a Anu-Araren kusa da Agadas a Nijar don samar da lantarki. Muna buƙatar siminti, muna buƙatar wuta, babu mai musun wannan. Tambayoyin da Inugu ta koya mana su ne: ina ruwan ramin zai bi? Wa zai shaƙi ƙurar? Wa zai gyara wurin idan kamfani ya tattara ya tafi? Gara a yi su tun kafin a fara tono.

Akwai kuma hayaƙin da ke ƙofar gidajenmu: na janareta, na Keke Napep da babura, na bolar da ake cinna wa wuta da leda a ciki. Janareta yana fitar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta sha kashe iyali guda suna barci. Kada ku yarda a kunna shi a ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga, komai tsoron ɓarawo. Kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, komai sanyi.

Ga ɗan aikin da za ku iya yi da malamin kimiyya. Ku yanka farin kwali gida uku, ku shafa wa kowanne basilin kaɗan. Ku rataye ɗaya a bakin babban titi, ɗaya kusa da inda ake kunna janareta, ɗaya a cikin lambun makaranta. Bayan kwana uku ku ɗauko su ku jera, ku rubuta abin da kuka gani. Abin da ya manne a kwalin, irinsa ne ke shiga ƙirjin duk wanda ke yini a wurin. Ku kai sakamakon taron ɗalibai na safe, ku nuna wa shugaban makaranta, sannan ku tambaya ko akwai abin da za a iya matsarwa ko a daina ƙonawa.