Dorinar da Ba Ta Ci Gonar Kowa Ba

Mu mutanen Bibemi ba a ba mu labarin dorina. Duk wanda ya taɓa noma a bakin Mayo Kebi ya san aikinta: dare ɗaya ta shiga shinkafa, da safe sai salati. Shi ya sa da yara suka matsa mini mu je gandun dajin Binuwai da rani, na ce asarar kuɗin mota kawai za mu yi.

Daga Garwa muka kama hanyar Ngaundare, muka ratse zuwa sansanin Buffle Noir da ke gaɓar kogin. Tun 1968 dajin ya zama gandun ƙasa, faɗinsa hekta 180,000. Da la'asar jagora ya kai mu wani gurbi mai zurfi. Ga dorina jingim, kunne da hanci kaɗai a waje, wata ƙarama ta ɗora kai a bayan uwarta. Kada ya baje a rairayi, baki buɗe. Mariya ta sauko shan ruwa tana sanɗa, gwaggon biri kuwa ko a jikinsa.

Autana ya ce, "Baba, ita ce mai cin gonarmu?" Na ce danginta ce. Jagora ya yi dariya, ya ce a nan su ke kuka da mu: masu haƙar zinariya suna dagula ruwa, shanu kuma na shigowa kiwo. Na yi gum, don ni ma da shanun nake ci, kowace Alhamis ina kasuwar Adumri.