A cikin badala duk sunanmu ɗaya: "'yan coci"

1/ A cikin gari in ka ce "ɗarika", hankalin kowa Ƙadiriyya ko Tijjaniyya yake tafiya. To mu ma Kiristoci Hausawa kalmar da muke amfani da ita kenan: ɗarikar Katolika, Angilikan, ECWA, Baptis, ga 'yan Fentikos. Abokan sana'ata a Kurmi har yau mamaki suke in na faɗa musu haka.

2/ Ba laifinsu ba ne. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Miller na CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Daga baya Turawan mulki ma suka taka wa 'yan mishan birki, majami'u suka tattara a Sabon Gari. Wanda ya tashi a Yakasai ko Mandawari ina zai ga bambancinsu?

3/ Amfanin ɗarika fa, ni ganau ce. Asibitin ido na ECWA, wanda SIM ta buɗe a 1943, tsofaffin cikin gari nawa aka yi wa aikin yanar ido a can? Ba a tambayar ka addininka a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ba zai iya riƙe irin wannan shekara 80 ba, sai ƙungiya mai tsari da asusu.

4/ Abin da ya fi min muhimmanci ma: a ɗarika fasto yana da na gaba da shi. In ya taɓa kuɗin baiko akwai dattawa, akwai majalisa, ana iya ɗauke shi. Cocin da mutum ɗaya ya buɗe a shago, shi ne fasto, matarsa ce ma'aji, wa za ka kai wa ƙara?

5/ Amma fa akwai ciwo. Ƙanwar ƙawata ta samu miji, yaro mai hankali, Bahaushe Kirista irinta. Shekara biyu ana ja saboda shi Katolika ne, su kuma ba haka ba. Mu da ba mu da yawa! Ƙarshe auren bai yiwu ba, ita ma ta daina zuwa sujada gaba ɗaya.

6/ Sannan a Sabon Gari sau da yawa ɗarika rigar ƙabila ce kawai. Wannan na Igbo, wancan na Yarbawa. Bahaushe ya shiga ana masa kallon ɗan leƙen asiri, alhali Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan tun 1932.

7/ A rikicin zuwan Reinhard Bonnke, Oktoban 1991, babu wanda ya tsaya tambayar ɗarikar kowa kafin ya cinna wuta. Ranar wahala CAN ke tara mu, in ƙura ta lafa kowa ya koma wa'azin cewa na makwabta sun ɓata.

8/ Matasan ECWA da na Katolika da ke nan, tambaya: yaushe rabon da fastonku ko fadanku ya ambaci ɗaya ɓangaren a kan bagade ba da habaici ba?