Lokacin da juji yake da masu nema

A da, in rani ya kama, jakuna ne ke riga motoci shigowa Kano. Daga ƙauyukan Kumbotso da Ungogo da Gezawa suke tahowa da itace da kara, a sauke a unguwa, sannan a cika musu mangala da taki su juya. Takin nan kuwa sharar gidajenmu ce: tokar murhu, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, guntun tabarmar kaba da ta gama aiki. Manomi zai yi sallama a zaure, bayan gaisuwa ya ce, "Maigida, an yi wa wani alkawarin jujin bana?" Wani ya saya, wani a ce ya kwashe kawai, in kaka ta yi ya turo damin gero.

A shekarun 1960 wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi nazarin yadda ake noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba hutu, ƙasa ba ta mutu ba. Da ya tambayi kakata, da ta nuna masa turken akuyarta.

Ita ba ta san zubar da abu ba. In an surfa dawa, dusa ta akuya ce, ƙasarin ma nata ne. Toka ta wanke kwanuka. Ƙwarya ta tsage, sai a ajiye ta har ranar da muka jiyo kiran gyartai a lungu. Zai zauna a ƙofar gida, ya kife ƙwaryar a gwiwa, ya bi gefen tsagar yana hudawa daki-daki, ya ɗinke ta tsaf, mu yara mun kewaye shi ko ƙiftawa ba ma yi. Ranar da ta fashe gaba ɗaya, sakainar ta koma ta kwasar shara. Ban ce kishin muhalli ne ya sa mutanen da yin haka ba. Tattali ne, kuma babu ce ta koya musu shi. Hayaƙin murhun nan ma ya ci idon mata da yawa, wannan ba abin kewa ba ne.

Leda ce ta raba gari da gona. Da can goro a ganyen fita yake zuwa, mai a kwalba, tsire a takarda. Daga shekarun 1990 ruwan leda ya cika tituna, har ƙosan naira biyar sai an ba ka a baƙar leda. Ta toshe kwatami, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna. Mahauta kuma suna ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin tumaki.

Har yau manoman kewayen birni suna sayen sharar gari, sai dai a tifa ake kai musu. Kafin a baza ta, sai an sa yara sun wuni suna tsince leda da batir da fasassun kwalabe, a tara a bakin gona a cinna wuta.