Darasin Gonakin Maraɗi

Na kama aikin malamin daji a ƙasar Katsina jim kaɗan bayan farin 1984, lokacin da kowa ya amince cewa hamada na tafe, kuma maganinta shi ne dashe. Rani muna renon dalbejiya da turare a cikin baƙar leda, da damina ta sauka sai a yi bikin dashen itatuwa, manyan baƙi su zo, a dasa, a yi tafi, a watse. Kafin wata damina ta zagayo, awaki da gara da ƙishirwa sun raba yawancinsu a tsakaninsu.

Manoma ba ƙin itace suke yi ba. Doka ce ta sa sai da izini za ka sare wasu itatuwa ko da a gonarka suke, don haka mai wayo yakan kawar da toho tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa tara.

A kasuwar Jibiya na fara jin cewa mutanen Ɗan Isa da Madarunfa, a yankin Maraɗi, sun soma barin itace a gona. Da zumunci ya kai ni wajen dangin mahaifiyata a can, wani dattijo ya ja ni gonarsa. Ya tsuguna gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho birjik, ya zaɓi huɗu masu ƙarfi da miƙewa, ya sa lauje ya share sauran, ya rage wa waɗanda ya bari rassan ƙasa, sannan ya ɗaura tsumma a jikin ɗaya don masu neman itacen girki su san yana da mai shi. Na ce, "Baba, wa zai ba shi ruwa?" Ya ce, "Ɗana, saiwarsa ta girme ka. Ita za ta nemo."

Sassaben zamani suke kiran wannan aiki. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa shi a yankin Maraɗi tun farkon shekarun 1980, amma manoma ne suka ɗauke shi daga gona zuwa gona. Sabara da kalgo suna tare iska da rairayi. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Daga baya masu bincike suka kiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Manyan tsare-tsare sun biyo baya. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, ƙasashe 11 a sahun gaba, ciki har da Najeriya da Nijar. A 2015 Najeriya ta kafa hukumar da za ta kula da shi a jihohin Arewa 11. A watan Satumba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, da wa'adin 2030, kuma 'yar Najeriya Amina Mohammed na cikin waɗanda suka jagoranci tsara su. Na 15 ya ƙunshi yaƙi da hamada da farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Na halarci wasu daga cikin tarurrukan da aka riƙa yi tsakanin jami'an ƙasashen biyu. Mafi yawansu jawabi ne da takardu. Amma akwai abin da suka haifar: masu shirin Ganuwa sun daina kallonta a matsayin layin dashe guda, suka karɓi dabarun manoma irin su sassaben zamani da ramukan rabin wata masu tare ruwan sama. A 2020 kuma Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya rena a gonarsa. Lokacin da aka yi taron nahiyar Afirka kan muradun ci gaba mai ɗorewa a Yamai a 2023, na riga na yi ritaya, a rediyo na bi shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kasuwa ta mutu, ziyara ta tsaya, alhali ta nan ne ilimin ya riƙa shigowa, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Da za a nemi shawarata kan 'yan shekarun da suka rage kafin 2030, abu biyu zan faɗa. A rage kuɗin otal, a cika motoci da manoman Jibiya da Daura da Maigatari a kai su gonakin Maraɗi da Damagaram su gani da idonsu. Sannan jihohinmu su rubuta a doka cewa itacen da manomi ya rena nasa ne, ya sassabe shi, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa gado.