Wasiƙa Daga Amurka: Kafin A Ba Mutum Bindiga

Mu nan alhamdu lillahi, sai fama da karatu da sanyi.

Ƙanina ya aiko da tambaya, wai da gaske ne a nan sai an gwada ƙwaƙwalwar mutum kafin a ɗauke shi aikin ɗan sanda? Da yake abin ya shafi fannin da nake karanta, na ga gara in amsa a nan kowa ya amfana. Amsar ita ce e, da gaske ne, amma akwai magana a ciki.

Da farko ku sani ba rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a Amurka ba kamar yadda muke da ita a Nijeriya. Akwai hukumomi kusan 18,000, na birni daban, na gunduma daban, na jiha daban, kowace kuma ita ke ɗaukar ma'aikatanta. Abin da ke haɗa su shi ne hukumar jiha mai sa ƙa'ida da ba da takardar shaidar aiki. A jihohi da yawa sunanta POST. Ta Kalifoniya tun 1959 aka kafa ta. In babu wannan takarda, to babu ɗamara.

Shi gwajin ƙwaƙwalwar kashi biyu ne. Na farko a rubuce yake. Wanda ya fi shahara shi ne MMPI, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Minesota aka fitar a 1943. Na 1989 tambayoyi 567 gare shi, sabon na 2020 kuma 335, kowace sai ka ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Na zauna na duba irin tambayoyin, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne har da tarkon masu son nuna kansu waliyyai. In ka ce kai ba ka taɓa fushi ba, ba ka taɓa faɗin ko ƙaramar ƙarya ba, to ka faɗa rami, don babu ɗan Adam irin wannan. Kashi na biyu shi ne zama gaba da gaba da masanin halayyar ɗan Adam, ya tambaye ka tarihinka, shaye-shaye, bashi, rigima da maƙwabta, dalilin barin aikinka na baya. Saboda dokar kare naƙasassu ta 1990, ba a yin wannan gwajin sai bayan an yi maka tayin aiki bisa sharaɗi. A Kalifoniya ma dokar 2020 ta ƙara cewa a duba ko mutum yana da ƙiyayyar wani jinsi ko addini ko 'yan wata ƙasa a ransa. Mu baƙi baƙaƙen fata kuma Musulmi, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare mu.

To, duk wannan ya yi kyau a takarda. Ga inda gizo ke saƙa.

A ranar 22 ga Nuwamba 2014, a birnin Cleveland na jihar Ohayo, wani ɗan sanda mai suna Timothy Loehmann ya harbe yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, wanda ke wasa da bindigar roba a filin shaƙatawa. Cikin kamar daƙiƙa biyu da tsayawar motarsu ya yi harbin. Daga baya sai aka gano cewa a 2012 ya yi aiki a wani ƙaramin gari da ake kira Independence, kuma mataimakin shugaban 'yan sandan garin ya rubuta cewa ya ga Loehmann ya rikice har da kuka a wajen koyon harbi, ya ba da shawarar a sallame shi. Kafin a sallame shi sai ya ajiye aikin da kansa. Wannan takarda tana nan cikin fayil ɗinsa, amma waɗanda suka ɗauke shi a Cleveland ba su karanta fayil ɗin ba. Ba a gurfanar da shi ba. Birnin ya biya iyalin yaron dala miliyan 6 a 2016, a 2017 kuma aka kore shi, ba don kisan ba, sai don ɓoye gaskiya a takardar neman aiki. Kuma a 2018 da 2022 da 2024 wasu ƙananan garuruwa sun sake ɗaukarsa, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye.

Ba shi kaɗai ba ne. Wasu malaman shari'a biyu, Ben Grunwald da John Rappaport, sun bi bayanan jihar Fulorida na shekara 30 suka fitar da sakamako a 2020. Sun gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 na 'yan sandan da ke bakin aiki a kowace shekara an taɓa korarsu a wani wuri, kuma irinsu sun fi sauran yiwuwar a sake korarsu. A 2022 kuma a gundumar Alameda ta Kalifoniya aka karɓe bindigogin jami'ai 47, bayan bincike ya nuna cewa tun farko masu gwajin sun rubuta ba su dace da aikin ba, amma aka ɗauke su haka nan. Kun ga ke nan gwajin ya yi aikinsa, masu ɗauka ne suka kau da kai.

Shi ya sa ni a ganina ƙwace takardar shaida ya fi gwajin kansa muhimmanci. Likita yana ganin mutum ne na ɗan lokaci, ranar da ya yi wanka ya shirya amsoshinsa. Halinsa na gaske sai ya fara aiki yake fitowa, kuma hali zanen dutse ne. In jiha za ta iya soke takardar mai laifi ta sa sunansa a kundin ƙasa da ake ajiye sunayen waɗanda aka soke, to ƙofar gari na gaba ta rufe masa, muddin an duba. Ita kanta Kalifoniya mai tsananin gwaji sai a 2021 ta yi dokar da ta ba hukumarta wannan iko.

Abin yakan tuna mini da binciken aure a gida. Iyayenmu ba sa tsayawa ga kyan maganar saurayi a zaure. Sai sun tura an tambayi unguwarsu, da abokan sana'arsa, in ya taɓa aure a ji yadda suka rabu da matar. In za a yi wannan wahala kafin a ba mutum 'ya guda, ina ga wanda za a ba bindiga a sake shi cikin jama'a?

Mu ma maganar ta taɓa tasowa. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020, ɗaya daga cikin buƙatu biyar na matasa shi ne a gwada lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an SARS kafin a tura su wani sashe. Buƙata ce mai kyau. Ni dai abin da zan ƙara shi ne, a yi gwajin, amma a ajiye fayil, a kuma samu mai karanta shi.

A gaida su Hajiya da Baba, da yara duka. A ci gaba da sa mu a addu'a, jarrabawa ta kusa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Naku har kullum.