Ranar da ƙarhina ya tsaya

Mutane da yawa suna son abu biyu lokaci guda: su rage kitsen jiki, kuma su ƙara ƙarhi. Abubuwan nan biyu ba su cika tahiya tare ba. Mai son rage kitse dole shi rage ci. Mai son ƙarin ƙarhi kuwa, jikinshi abinci yake nema. Shi ya sa wata rana ƙarhi yakan tsaya cik. Ni ma ya tsaya mini. Ga yadda na yi da shi.

Ni tela ne a Maraɗi. Aikina zama ne bisa keken ɗinki tun sahe har dare. A 2023 ina da shekara 42, nauyina kilo 94. Likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa. Ya ce in rage tumbi, in riƙa motsa jiki. Hawan jini ne ya kwantar da mahaihina, ya shanye mishi rabin jiki. Ni ko ina da ɗiya biyar, kuma da keken nan nike ci da su. Don haka ban ɗauki maganar da wasa ba.

A unguwarmu akwai wurin da samari ke ɗaukar ƙarhe. Ba wani babban wuri ba ne. Benci ne guda, da sandar ƙarhe, da gwangwanayen siminti waɗanda anka auna a sikeli. Likita ya yarda, amma ya ce kada in riƙe numfashi in ina ɗagawa, don hakan yana sa jini shi hau. Na shiga cikinsu, sau 3 a sati. Kuma na rage abinci.

Na fara da kilo 30. Ina kwance bisa benci, ina tura shi sama. Cikin wata 3 na kai kilo 55. Daga nan sai abu ya tsaya. Sati 6 cur ina kan 55. In na ƙara ko kaɗan, sai hannu shi ƙi. Raina ya ɓaci, har na fara tunanin ko tsufa ne.

Akwai wani malamin wasanni na kwaleji da ke zuwa wurin. Na gaya mishi damuwata. Ya ce: "Maigida, kilo nawa gare ka yanzu?" Na ce 87. Ya ce: "To, mai kilo 94 ya ɗaga 55. Yau mai kilo 87 ne ke ɗaga 55. Wane ya hi ƙarhi cikinsu?" Na yi shiru. Ashe ƙarhin yana nan, kitsen ne ya tahi.

Ya ƙara mini bayani. A watannin farko, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon aikin. Shi ya sa sabon shiga yake ci gaba da sauri. Bayan haka sai tsoka ita kanta ta girma, kuma girman tsoka sannu-sannu ne. In abinci ya ragu, sai shi ƙara yin sannu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mu duba kokowa: tun kaka da kakanni, bayan girbi ake yin ta a ƙauyuka, lokacin da rumbu ya cika.

Abu huɗu munka shirya da shi.

Na ɗaya, rage nauyi a hankali. Rabin kilo a sati ya isa. Wanda ya zubar da nauyi da gaggawa, har da tsoka yake zubarwa. Inda na rage shi ne mai da sukari. Akwai awon ƙarhin da abinci ke ba jiki, ana ce mishi kalori. Garam 1 na mai yana da kalori 9. Garam 1 na sukari yana da 4. Babban cokali guda na mai ya kai kalori 120. Sai na roƙi uwargida ta rage mai cikin miya. Shayi kuma na koma kohi guda, sukari kaɗan. Tuwo da hura ban bar su ba. Ranar ɗaukar ƙarhe, nikan sha hura kamar awa 2 kahin in hita.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Shi ke tsare tsoka lokacin da kitse ke narkewa. Sinadarin da ke cikinshi sunanshi furotin. Mai ɗaukar ƙarhe yana bukatar kusan garam 1 da rabi ga kowane kilo na jikinshi, kowace rana. Ni nawa ya kama wajen garam 130. Ƙwai guda yana da garam 6. Busasshen wake garam 100 yana da sama da garam 20. Ba sai da nama kullum ba. Akwai wake, awara, nono, ƙuliƙuli, busasshen kihi, da fara in lokacinta ya yi.

Na ukku, hutu. Tsoka ba ta girma bisa benci, sai lokacin hutu. Tana son kwana 2 kahin a sake wahal da ita. Babba yana bukatar barcin awa 7 ko sama da haka. Mu teloli mun san yadda ɗinkin salla ke cin dare. A wannan lokaci nikan rage nauyin da nike ɗagawa. Kuma na yi sati guda ina ɗaga kilo 40 kaɗai, don jiki shi huce.

Na huɗu, ƙari kaɗan-kaɗan. In ba ka iya ƙara kilo, ka ƙara yawan ɗagawa. Kilo 55 ɗin nan sau 5 nike tura shi. Na mai da shi sau 6, sannan 7, sannan 8. Da na kai 8, sai na ƙara kilo 2, na koma sau 5. Duka ina rubutawa cikin littahin awon ɗinkina. Ran Juma'a kuma nikan auna cikina da igiyar awo, daidai cibiya. Ana son kewayen ciki kada shi kai rabin tsawon mutum.

Bayan wata 3 na ɗaga kilo 60, nauyina ya sauka 83. Cikina ya taso daga santimeta 104 ya koma 93. Tsawona 176 ne, ke nan da sauran aiki, sai na sauka ƙasa da 88. Likita ya ce jinina ya yi sauƙi, amma in ci gaba da zuwa awo.

Ƴan'uwa, wanda duk ƙarhinshi ya tsaya yana cikin rage kitse, kada shi yi hushi shi bari. Shi auna cikinshi tukuna. In ciki yana raguwa, nauyin da yake ɗagawa bai ragu ba, to aiki yana kyau. Shi ci wake, shi yi barci, shi ƙara kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, shi fara ganin likita kahin shi taɓa ƙarhe. Allah shi ba mu lahiya.